Haihuwar Sauda ta Tara

Tun da asuba Sauda ta san ranar ta zo. Ciwon ya taso mata daga ƙugu, ya zagayo mara, ya riƙe ta ɗan lokaci sannan ya sake ta, kamar yadda ya yi mata sau takwas a baya. Ba ta ce komai ba. Ta ɗumama wa mijinta Gwadabe sauran tuwon jiya, ta koma bakin gado ta zauna tana kallonsa yana ci da sauri, kunnensa na wajen jiniyar kamfani.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Gwadabe yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a ɓangaren da ake tsamo fatu daga ramin ruwan magani. Hannuwansa sun tsattsage, kuma warin wurin ya kama jikinsa har ba sabulun da ke fitar da shi. Daga wani ƙauye bayan Ringim suka zo, suka kama ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a wani gidan haya a Panshekara, gida mai ɗaki takwas da banɗaki ɗaya. 'Ya'yansu shida ne a raye. Biyu sun koma tun suna goyo.

"Yaya jikin?" ya tambaye ta yana wanke hannu.

"Da sauƙi."

"Kin dai ji abin da malamar awo ta ce. Jininki ya yi ƙasa, kuma ciki na tara ba irin na fari ba ne. Kina jin motsi ki aika a kira ni. Katin asibiti yana cikin aljihun babbar rigata."

"Na ji, Malam."

Ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ta, kamar zai ƙara magana. Sai jiniya ta yi kukan farko daga nesa, ya ja kekensa ya fita.

Sau ɗaya tak Sauda ta taɓa haihuwa a asibiti, haihuwarta ta biyar, shekarar da kamfani ya fara ba ma'aikata katin iyali. Gwadabe ne ya matsa, yana ganin ci gaba ya samu. Abin da take tunawa da wurin shi ne gadon ƙarfe mai shimfiɗar roba mai sanyi, da yadda aka kwantar da ita rigingine aka ɗage mata ƙafafu, ga wasu mata biyu a gefenta ba labule a tsakani. Ta so ta sauko ta durƙusa, wata malama ta daka mata tsawa ta ce nan ba ƙauye ba ne. 'Yan mata masu koyon aiki, sa'o'in ƙannenta, suka kewaye ta suna leƙe. Aka yi mata ƙari da almakashi ba a gaya mata ba, aka ɗinke, ta yi wata guda ba ta iya zama sosai. Yaron ya zo lafiya, amma tun daga ranar ta ce ita da asibiti sai dai awo, shi ma don Malam ya samu kwanciyar hankali.

A gida kuwa ta san yadda ake yi. Haka ta ga mahaifiyarta ta yi, haka yayyenta. Mace ta rufe ƙofarta, ta durƙusa, ta kama ƙafar gado, ta cije. Ba wanda zai ji muryarta sai kukan jariri ya sanar da gida. Sannan a kira ungozoma ta yanke cibi, ta wanke yaro, a ɗora ruwan zafi. Matan gidan hayar suna misali da ita a kan haka. Su kan ce Sauda ba a jin haihuwarta, sai dai ka ga an ɗora tukunya. Tana jin daɗin maganar ko da ba ta nunawa.

Akwai kuma abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. A ɗakin nan mutum takwas ke kwana. Daga asuba zuwa isha'i ba ta da lokacin da wani ba ya kiran sunanta ko jan zaninta. Ranar haihuwa ce kaɗai ɗakin ke zama nata ita ɗaya, ba mai buga ƙofa, ba mai neman komai a wurinta.

Ta sallami yara makaranta. Ƙaramin, mai shekara uku, ta miƙa shi ɗakin maƙwabta. Sannan ta zauna ta kwaɓa garin ɗanwake kamar kullum, tana jefawa a tukunya. Idan ciwon ya taso sai ta ajiye hannu a gwiwa ta sunkuyar da kai har ya wuce.

Ɗanwaken ba ita ke sayarwa ba. Zinariya ce ke ɗauka ta kai bakin ƙofar kamfanoni lokacin da ma'aikata ke fitowa cin abincin rana. Zinariya bazawara ce daga wajen Magarya, tana zaune a ɗakin da ke kallon na Sauda. Aure biyu ta yi ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, kuma ta daina zancen. Da ta zo ɗaukar kwano wajen sha ɗaya, ta tsaya ta ƙura wa Sauda ido.

"Yaya Sauda, gumin nan na wuta ne?"

"Na wuta ne mana. Ɗauki ki tafi kada su fito ba ki isa ba."

"In gaya wa Malam Gwadabe wani abu?"

"Me za ki gaya masa? Ki ce yaji ya ƙare, ya biyo da shi."

Zinariya ta aza kwanon a ka, ta juyo sau biyu kafin ta fita zaure.

Sauda ta kashe wuta, ta shiga ɗaki ta saka sakata. Ta naɗe tabarmar yara, ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa a ƙasa, ta ajiye sabuwar reza da zare a kan kwano. An yi ruwa da safe, kwata ta ɗauko warin jima ta shigo da shi unguwa, don haka ta rufe taga ma. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ya yi shiru. Tana jin matan gida suna daka a tsakar gida, wata rediyo tana waƙa can ɗakin ƙarshe, amma duk kamar daga wani gari. Tsakanin ciwo da ciwo ta kan jingina kanta da katifa ta lumshe ido. Rabonta da hutu irin wannan har ta manta.

Naƙudar ba ta yi tsawo ba. Ana kiran azahar yarinyar ta faɗo a kan zani, ta yi shiru kaɗan, sannan ta tsala kuka. Sauda ta ɗago ta da hannu biyu, ta share mata baki da hanci da gefen zani, ta duba ta ga mace ce, da gashi baƙi cike da kai. Ta ce alhamdu lillahi. Dakan tsakar gida ya tsaya, ta ji wata na cewa a kira Iya Uwani.

Ta ja jiki ta zare sakata, ta dawo ta durƙusa tana jiran mabiyiya. A sauran haihuwarta kafin a gama barka ta sauko. Wannan karon ta yi nishi, ta sake yi, ba abin da ya biyo sai jini mai ɗumi da ke bin cinyarta.

Iya Uwani tsohuwa ce da ta yanke cibin rabin yaran unguwar. Ta shigo da sallama, ta ɗaure cibi ta yanke, ta miƙa jaririya ga wata maƙwabciya, sannan ta dubi ƙasa.

"Ba ta sauko ba?"

"Ba ta sauko ba, Iya."

"Za ta sauko. A kawo min kwalba."

Aka ba Sauda kwalba ta yi ta hurawa har idonta ya yi ja. Aka tura mata kan muciya a maƙogwaro don ta yi yunƙurin amai. Aka zuba barkono a garwashi ta shaƙa, ta yi ta atishawa, matan da ke bakin ƙofa suka ja baya suna tari. Aka karɓo rubutu daga wurin limamin unguwa ta sha. Iya Uwani ta danna mata ciki, ta ɗan ja igiyar cibin, ta ji ba ta biyowa, ta saki. Aka canja zani na uku, sannan na huɗu.

Sauda ta fara jin sanyi a yatsunta. Muryoyin matan suka yi mata nisa. Ba ta ji tsoro sosai ba, barci kawai take so, kuma tana jin haushin yadda ɗakin ya cika da mutane.

Wajen biyu da rabi Zinariya ta dawo da kwano wayam. Ta kutsa cikin matan, ta ga tarin zannuwan da aka tura bayan ƙofa, ta ga leɓen Sauda ya yi fari.

"Iya, wannan ba na gida ba ne. A kai ta asibiti."

"Ke kin taɓa haihuwa ne?" in ji wata daga baya.

Zinariya ba ta juya ba. Iya Uwani ta goge hannu a zaninta.

"Na yi abin da na sani," ta ce. "Irin wannan na gani sau uku. Ɗaya ta tashi. Amma ni ba zan fitar da matar mutum daga ɗakinta mijinta ba ya nan ba. A nemo shi."

Zinariya ta ajiye kwanon ta fita ko mayafi ba ta gyara ba. Ta samu motar kiya-kiya a bakin titi, ta sauka a mararrabar Challawa, ta ƙarasa da gudu cikin taɓo. Maigadin kamfanin ya san ta, kullum yana cin ɗanwakenta, amma ya ce doka ce, ba a kiran ma'aikaci daga ciki sai jiniyar ƙarfe huɗu, kuma ba a barin mace ta shiga. Ta roƙe shi, ya ce aikinsa ne zai tafi. Suna cikin haka wata motar a-kori-kura da ta sauke ɗanyun fatu ta zo fita. Zinariya ta je ta tsaya a gabanta. Direban, wani mai suna Isyaku, ya leƙo da kai.

"Lafiya, mai ɗanwake?"

"Matar Gwadabe na ramin magani ce ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ka koma ka kira min shi, kai ba za a hana ka ba."

Isyaku ya dubi maigadi, maigadi ya kau da kai. Ya bar motar a kunne ya koma ciki da ƙafa. Bayan ɗan lokaci suka fito tare da Gwadabe, da takalmin roba har gwiwa, ruwan magani na ɗiga daga rigarsa. Bai tambayi Zinariya komai ba. Ya hau bayan motar ya zauna ya riƙe kansa.

A tabarma aka ɗauko Sauda, maza huɗu suka kama. Aka shimfiɗa ta a bayan a-kori-kurar, inda ruwan fatu bai gama bushewa ba. Zinariya ta ɗora kanta a cinya, Iya Uwani ta shiga gaba da jaririya. Hanyar cikin gari duk ramuka ne cike da ruwa, ga manyan motoci jere daga Sharaɗa, Isyaku ya yi ta danna oda yana ratsewa ta gefen titi. Duk ramin da suka faɗa sai Sauda ta buɗe ido ta ga sama, ta ga fuskar mijinta a kanta.

"Kada ki yi barci," yake ce mata. "Sauda, kina ji na? Kada ki yi barci."

"Na bar tukunya a waje," ta ce.

"An ɗauke."

A asibiti wata sista ce ta karɓe su, doguwa mai furfura a gaban goshi. Sauda, duk da halin da take ciki, ta shirya jin faɗa. Matar ta ɗaga zanin ta duba, ta kama hannunta, ta ja fatar idonta ƙasa.

"Haihuwa ta nawa?"

"Ta tara," in ji Gwadabe.

"Tun yaushe?"

"Tun azahar," in ji Zinariya.

Sistar ta dubi agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta sauke numfashi, ta ce a turo gado. Abin da ta faɗa ke nan.

Likita ya sa hannu ya ciro mabiyiyar, wadda ta manne a ciki. Sauda ba ta san an yi ba. Aka fito aka ce wa Gwadabe ana bukatar jini, kuma babu a ajiye. Shi da bai taɓa yarda a soka masa allura ba ya miƙa hannu ya juya fuska ga bango. Isyaku ma ya bayar, ya sha lemo, ya ce zai mayar da mota kafin maigidansa ya neme shi. Bayan an tashi daga aiki wasu abokan aikin Gwadabe biyu suka iso a kan keke ɗaya, aka gwada, na ɗaya ya dace.

Kwana biyu Sauda ta yi ba ta san inda take ba. Bayan ta farfaɗo zazzaɓi ya kama ta, aka ce ciwo ya shiga ciki, sai an yi mata allurai. Ranar suna tana kwance a gado na goma sha huɗu. Gwadabe ya zo da yamma da ɗan soyayyen nama a kwano ya ce an sa wa yarinya A'isha, an yi addu'a a ƙofar gida, mutane ba su da yawa. Ta ɗauki yanka ɗaya ta kasa taunawa.

Wata rana da hantsi sistar nan mai furfura ta zo cire mata robar ƙarin ruwa. Ta zauna a bakin gadon, abin da Sauda ba ta ga ta taɓa yi ba, ta zare takalmi ɗaya tana murza ƙafarta da ta kumbura.

"An ce kina zuwa awo. An gaya miki ki zo nan ki haihu?"

"An gaya min."

"Me ya hana ki?"

Sauda ta dubi silin. Ta yi niyyar cewa abin ne ya zo da gaggawa, amma ta gaji da yawa ba za ta iya shirya ƙarya ba.

"Na taɓa zuwa," ta ce. "Aka ɗage min ƙafa gaban yara, aka yi min tsawa, aka yanka ni ba a tambaye ni ba. A gida ba mai ce min kwanta ko tashi. Bakwai na haifa ni kaɗai ban ga komai ba."

"Haka ne, ana yi," in ji sistar. "Ni ma na yi tsawar, ba zan ce ban yi ba. Mu biyu ne a kan mata talatin, wani lokacin tun jiya ban zauna ba. Amma kin ga gadon can na kusa da taga? Wadda aka kawo daga Dakata ranar Talata, ita ma bakwai ta haifa ba ta ga komai ba. Mijinta yana wurin aiki a Bompai, kafin a samo shi yamma ta yi. A bakin ƙofa muka karɓe ta, ta riga ta cika, a gadon can muka ajiye ta, babu abin yi." Ta mayar da takalminta ta miƙe. "Likita zai yi magana da maigidanki. Jikinki ba zai ɗauki wani cikin ba yanzu. In kuma Allah ya kawo, ki zo. Ki nemi ni, zan bar ki ki durƙusa in ba likita a kusa."

Kwana goma sha biyu ta yi aka sallame ta. Ta dawo ta tarar an wanke ɗakin, an zubar da zannuwan, Zinariya ta kwaso yaran ta haɗa su a ɗakinta. Matan gida suka shigo barka ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa Allah ya kiyaye gaba. Iya Uwani ta zo ta duba cibin yarinya, ta ce ya faɗi da kyau, ta zauna jim kaɗan, ta tafi.

Nono bai zo sosai ba. A'isha ta yi ta kuka, sai da aka haɗa mata da madarar gwangwani. Sauda kuwa idan ta miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango. Ɗanwake ya koma hannun Zinariya gaba ɗaya, ita ke kwaɓawa, ita ke kaiwa, ma'aikata suna cewa ɗanɗanon ya canja.

Gwadabe bai yi mata faɗa ba. Ta so ma ya yi, a wuce wurin. Sai ranar Lahadi, da yara suka fita, ya zauna a ƙasa yana shafa man kaɗanya a tsagun hannunsa, ya ce ba tare da ya dube ta ba:

"Da safen nan kin san ya fara."

"Na sani."

"Kika bar ni na tafi."

"Na ɗauka irin na kullum ne, Malam."

Ya ci gaba da shafa man. Can ya ce, "Likita ya ba ni wata takarda. Ya ce akwai wurin da ake zuwa, a ba mace abin da za ta huta shekara biyu ko uku. Ban san yadda abin yake ba. Na tambayi liman, ya ce in don lafiya ne babu laifi."

"Kai me ka gani?"

"Ni na gaji, Sauda. A bayan motar nan na yi ta tunanin yadda zan yi da yara bakwai."

A'isha ta motsa a kan gado, Sauda ta ɗauke ta ta sa mata nono duk da ta san babu abin kirki a ciki.

"In na yi arba'in sai mu je," ta ce.

Da la'asar ruwan wankan jego ya tafasa a tsakar gida. Zinariya ba ta gida. Sauda ta fita ta juye shi a bokiti, ta ɗaga, ta yi taku huɗu ta ajiye, ta zauna a kan turmi tana haki. Matan gida suna ɗakunansu. Gwadabe ya leƙo, ya ga ba kowa a tsakar gidan, ya fito ya ɗauki bokitin ya kai mata bakin banɗaki, ya koma ɗaki wurin yarinyar da ta fara kuka. Sauda ta zauna a kan turmin har numfashinta ya daidaita, sannan ta dafa gwiwa ta tashi kafin ruwan ya huce.